Jan Layi a Kan Gonar Mai Gatari

Zuwa ga ɗana Akawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran da aka ce mini sun kai uku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini gardama kowace safiya, in na taka ƙasar gona kuma ta yi shiru.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce gwaggonka ta ƙauye, wadda kakarka ta wajen uba da mahaifiyata suke ciki ɗaya. Sau biyu ka taɓa ganina. Na farko kana ɗan shekara bakwai, ranar da akuyata ta kore ka har cikin rumbu muka yi ta nemanka. Na biyu a jana'izar babanka, Allah ya ji ƙansa. Ka gaishe ni da ladabi, amma na ga a idonka ba ka gane ni ba, ban kuma ji haushi ba. Direban motar hatsi da ke kai buhunanmu birni shi ya ce mini kana aiki a babban ofishin gona, shi ne kuma zai miƙa maka wannan. Waya ba ta kama mu sai an hau tudu, ni kuwa ba na hawa tudu don in yi wa mutum ihu a kunne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san tallafin da gwamnati ta ce za ta biya manoma, kowa gwargwadon faɗin gonarsa. Da rani masu awo suka zo su biyu da wata na'ura a hannu, suka zaga gonaki. Ranar da suka iso tawa na tafi asibiti kan gwiwar nan, sai suka tambayi maƙwabcina Mai Kankana, suka ce gonar wa ce wannan. Ya ce musu gonar Mai Gatari ce. Gaskiya ya faɗa, haka kowa ke kiranta. Suka rubuta suka wuce.

Makon jiya aka liƙa jerin sunaye a bangon ofishin gona na gunduma. Na sa tabarau na bi da yatsa har layi na ɗari da goma sha huɗu. Ga shi nan, Mai Gatari, kadada huɗu da rabi. An ja masa jan biro daga farko har ƙarshe, a gefe an rubuta "manomin bogi". Na je taga na tambayi ma'aikacin da ke zaune. Ya ce kwana uku suna kiran sunan ya zo da katin shaida ya dangwala yatsa, bai zo ba. Na ce masa ai ba zai zo ba, shekara talatin da ɗaya ke nan da muka binne shi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "To Mama, ai kin ga bogin ke nan." Mutanen da ke bayana a layi suka yi dariya. Na gyara mayafina na fito, amma ban san yadda na kawo gida ba.

Mai Gatari surukina ne, uban mijina. Tun da mijina ya rasu, shekara ashirin da shida, ni nake noma gonar nan. Ina so ka duba mini layin nan, ɗana. Damina ta kankama, kuma ba na son ta wuce ina cikin wannan hali.

Ka gaida mai ɗakinka.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma ji kunyar da ta dace da ni. Labarin akuya kam ban manta ba, har yau in na ga akuya a bakin titi sai na tsallaka ɗaya gefen, yarana suna ta yi mini dariya. Muna lafiya, ƙaramar ce ke fama da haƙori. Allah ya sauwaƙe miki gwiwar.

Gwaggo, kada direba ya sa ki ɗauka ni wani babba ne. Teburina yana hawa na uku kusa da taga, ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa tun bara, aikina kuma shigar da jerin sunaye cikin kwamfuta. Abin da aka aiko daga gundumomi shi nake bugawa, ba ni da ikon sawa ko cirewa. Layin da aka ja wa ja kuwa yana da wuyar sha'ani, don an sha kama masu ƙirƙiro sunaye suna karɓar tallafi, manya kuma sun ɗaure fuska a kan maganar. Gaskiya ban ga alamar kuɗin bana zai fito miki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ba kya son damina ta wuce kina cikin wannan hali. Na karanta wa mai ɗakina. Mace mai shekarunki, ita kaɗai, ga taki da tsada, ga masu aiki sai an biya. Mun ɗan haɗa abin da ya sawwaƙa, yana cikin ambulan ɗin da na ba direba. Ba yawa, amma zai sayi buhun taki ko biyu. Don Allah kada ki ji nauyi, wannan hakkinki ne a kaina tun da daɗewa.

Ɗanki,
Akawu

*

Zuwa ga Akawu, mai tsoron akuya,

Sallama da gaisuwa. Ƙaramar a riƙa goga mata tsumma mai sanyi a dasashi. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Ambulan ɗinka yana dawowa tare da wannan, yadda ka liƙe shi. Na gode wa mai ɗakinka, da alama tana da zuciya mai kyau. Kai kuwa, da kana kusa da na ja maka kunne. Wa ya ce maka yunwa nake ji? Rumbuna biyu ne, wanda ka ɓuya a ciki da wanda na gina bayansa, kuma masarar bara ba ta ƙare a na biyun ba. Takin bana na saye shi tun kafin hadari na farko ya haɗu. Gidaje huɗu a ƙauyen nan irin waken da suka shuka daga hannuna ya fito. Halin da nake ciki ba na aljihu ba ne. Halin shi ne duk mai wucewa ta bangon ofishin nan yana karanta cewa gonata ta ƙarya ce, mai ita kuma ba a taɓa yin sa ba.

Bari in gaya maka wane ne bogin naku. Wurin nan da daji ne, kuraye ke kuka a cikinsa. Mai Gatari ya shekara uku yana sara, yana tuge kututture da hannu, har yatsunsa biyu suka lanƙwashe ba su sake miƙewa ba. Duwatsun da ya tsince su ne iyakar gonar har gobe. A kwarin nan namu haka muke yi, gona ba ta amsa sunan mai nomanta, tana amsa sunan wanda ya sare ta. Ko an gada, ko an sayar, sunan yana nan. Ba mai gona ke sawa ba, bakin mutane ne ke sawa, galibi ma sai bayan mutum ya kwanta dama. Mijina ya noma ta shekara ashirin, ko sau ɗaya bai ce gonata ba. In ka tambayi kowa a nan gonar wa ce, sunan mamaci zai faɗa maka da zuciya ɗaya. Masu awonku ba su tambayi wa ke noma ta ba.

Mai Gatari ne ya fara ba ni fartanya ina amarya, da ya ga na kasa zama a ɗaki. Ya ce, "Wannan yarinya Ƙi-Zauna ce, ku ba ta kuyya biyar ta huce." Sunan ya bi ni, ni kuma na tsane shi, don gani nake tsiya ake yi mini. Tun da ya rasu ba mai faɗarsa a gabana.

Ban da gonarsa akwai ƙayar bakin rafi da na sare da kaina shekara goma sha ɗaya da suka wuce, rabin kadada, lokacin da kowa ke cewa na tsufa da irin wannan aiki. Masu awo ba su kai can ba, ban kuma damu ba. Tasa ce ta dame ni.

In kuɗin ya zo zan karɓa, haƙƙina ne, kuma na san inda zan sa shi. Amma abin da nake nema a wurinka biyu ne, a goge jan layin nan, a rubuta ni a matsayin mai noma. Kada ka sake aiko mini da ambulan sai da takarda a ciki.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa da neman afuwa. Na karɓi ambulan, na karɓi jan kunne. Mai ɗakina ta ce da ma ta gaya mini rubutun nan ba na mai roƙo ba ne. Ba ta gaya mini ba, amma na bar ta a kan haka. Ƙaramar ta samu sauƙi, haƙori biyu sun leƙo.

Na bincika, kuma akwai hanya. An fitar da fom na gyara don irin wannan matsala, na sa miki ɗaya a ciki. Ki rubuta sunanki da lambar katinki a sama, ki nemi shaidu biyu, ki dangwala yatsa a ƙasa, ki kai tagar ofishin gunduma. Za a cire tsohon suna a sa naki, kuɗin kuma ya fito tare da na kowa. Akwai wani sakin layi a tsakiya da ke cewa kin shaida babu wani manomi mai wancan suna a gonar, ba a kuma taɓa yin sa ba, an shigar da shi ne bisa kuskure ko yaudara. Kada ya dame ki, maganar takarda ce kawai, kowa haka yake sa hannu.

Abu ɗaya nake roƙo, ki hanzarta. Ranar ƙarshe ta wannan wata za a rufe rajista. Layin da ya kai ranar da jansa za a cire gonar daga rajista har shekara biyar, kalmar nan kuma ta zauna a kanta a kwamfuta. Yau saura kwana ashirin da uku.

Ɗanki,
Akawu

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kwana goma sha huɗu ke nan ban ji daga gare ki ba. Sau uku ina zuwa kasuwar hatsi neman direba, ba shi ba motarsa, wannan ma wani mai kai taki na roƙa ya biyo da ita. Kullum na zo ofis sai na buɗe layi na ɗari da goma sha huɗu, yana nan ja wur.

In har yanzu fushin ambulan ne, na tuba, kuma zan ci gaba da tuba har ki gaji. Amma kada ki hukunta gonar saboda wautata. In kuma jiki ne, a sanar da ni in zo. Saura kwana tara, Gwaggo.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Kalmar nan ta bogi, a bango da biro aka rubuta ta, amma a kwamfuta ni na buga ta. Na duba, layi arba'in da biyu na buga a yini ɗaya daga kwarinku, ina sauri in tashi cin abinci. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ƙauye guda zai cika da maƙaryata haka ba.

Ɗanki,
Akawu

*

Zuwa ga ɗana Akawu,

Sallama. Lafiyata ƙalau. Wannan takarda na rubuta ta washegarin da fom ɗinka ya iso, amma ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi, motar direba tana wannan tsallaken ta zama wurin kwanan kaji. Yau da aka fara ƙetarewa mai taki ya kawo mini taka ta uku, sai na buɗe tawa na ƙara wannan a sama. Ba fushi nake ba. Da fushi nake da ka ji, ni ba na yin fushi a ɓoye. Ga abin da na rubuta tun farko.

Na karanta fom ɗinka sau uku, na ukun da ƙarfi don kunnena ya ji. Ba zan sa hannu ba. Ka ce maganar takarda ce kawai. To ai jan layin ma maganar takarda ce, ga shi ya hana ni bi ta gaban ofis. Mutumin da na ɗebo wa ruwan alwala shekara tara, wanda nake taka duwatsunsa kowace safiya, in dangwala yatsana in ce ba a taɓa yin sa ba? Da wane ido zan dubi iyakar gonar? Ina son sunana a takarda, ban ɓoye maka ba, na shekara ashirin da shida ina so. Amma ba zan hau kan nasa in tsaya ba.

Mutum goma sha tara sun sa hannu a nan, ban zarge su ba, wasu da gaske takin suke jira. Mai Kankana yana cikinsu. Tasa gonar sunan kakarsa take amsawa, wata 'yar tsohuwa da ake kira Mai Ƙoƙo. Da ya dawo daga ofis na ce masa, "An gama?" Ya ce, "An gama, Yaya." Na ce, "To madalla." Mutumin da in ya fara zance sai ka nemi wurin zama, tun ranar gaisuwa kawai yake yi mini ya sunkuyar da kai.

In an rufe rajista da jan layin, a rufe. Zan noma gonata shekara biyar ba tallafi yadda na noma ta ashirin da shida. Zai yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ban san ko ina da shekara biyar ɗin a gaba ba.

Wannan ma yau na ƙara shi a ƙasa. Maganar cewa kai ka buga kalmar, na ji. Da ka ɓoye ba wanda zai sani. Babanka ma haka yake, in ya fasa abu shi ke fara kawo kansa. Tunda hannunka ya san hanyar layin nan, ka sake dubawa da kyau, ba da saurin cin abinci ba.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. 

Takardarki ta same ni saura kwana huɗu. Na karanta ta a teburina. Daga nan na yi abin da kika ce. Na sauka ɗakin ajiya na nemi ainihin takardun da masu awo suka cike a kwarinku. Kowace takarda tana da gida goma sha biyu. Gida na biyu sunan manomi, a nan suka zuba su Mai Gatari da Mai Ƙoƙo. Gida na tara kuwa an rubuta "sunan gona, in akwai". Takarda arba'in da biyu, duk gida na tara fayau. Amsar da kuka bayar daidai ce, a gidan da ba nata ba aka ajiye ta.

Na ɗauka na hau wurin shugabar sashenmu. Shekara shida ina aiki a nan ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofarta da kaina ba. Ta saurare ni tana duba agogo, ta ce, "Labarin yana da daɗi. Masu ƙirƙiro sunaye ma suna da labarai masu daɗi. Wasiƙar gwaggonka ba hujja ba ce." Na kwashe takardun na mayar ɗakin ajiya.

Mai kula da ɗakin ajiya, wani dattijo da ya kusa ritaya, shi ya ga fuskata ya tambaye ni. Da na faɗa masa sai ya ce in biyo shi. Can bayan wasu kujeru da suka karye ya zaro wata doguwar taswira a naɗe, ta awon da aka yi shekara arba'in da huɗu da suka wuce, gefenta duk gara ta ci. Muka shimfiɗa a ƙasa muka danne da takalmanmu. Gwaggo, ga kwarinku, ga rafi, ga gonaki an zana da tawada. A cikin wata mai kama da kan fartanya an rubuta da hannu, Mai Gatari, a ƙasa kuma ga dangwalen babban yatsa. Na sa nawa a kai, nasa ya fi nawa faɗi nesa ba kusa ba. Cikin sunaye arba'in da biyu mun samu talatin da takwas.

Na koma sama da taswirar da ƙurarta. Shugaba ta ture takardun teburinta ta ce in shimfiɗa. Ta daɗe tana bi da biro, ta kira layi ina nuna mata gona. Da muka kai na goma ta ajiye biron ta ce, "Wato mutanen nan sun riga mu shiga rajista." Ta sa hannu a ƙara wa kwarinku mako biyu, a tura masu awo su sake zagawa, su tambayi abu biyu, sunan gona da sunan mai noma. Fom ɗin gyara da aka sa wa hannu za a mayar wa masu su. Ta kuma ce tunda ni na buga arba'in da biyun, ni zan goge su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Talata za su iso. Don Allah wannan karon gwiwa ta yi haƙuri, kada ki je ko'ina. Na so in biyo su amma ba a ba ni izini ba.

Ɗanki,
Akawu

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka, ina gaida mai haƙori biyu da yayyenta. Ka gaida mini dattijon ɗakin ajiya, ka ce wata tsohuwa tana sa masa albarka. Gwiwa ta ji maganarka.

Sun zo ranar Talata da hantsi, su uku. Na riga su isa gona, na tsaya a kan dutsen kusurwa da fartanyata. Babbansu ya buɗe takarda ya ce, "Mama, mene ne sunan gonar nan?" Na ce Gonar Mai Gatari. Ya rubuta. Ya ce, "Wa ke noma ta?" Ɗana, shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce, "Ni ce." Ya ce in ɗaga murya, iska na kaɗawa. Na ɗaga har masu ciyawa a gonar gaba suka miƙe suna kallo.

Mai Kankana yana biye da mu, bakinsa ya dawo. An mayar masa da fom ɗinsa da safe, ya yayyaga shi ya tura a ramin takin gargajiya, ya ce a nan ne kawai zai yi amfani. Da muka gama zagaye masu awo suka nufi mota, sai ya ce, "Malamai, saura ɗaya a bakin rafi." Na ce ya bar su, wannan 'yar ƙaya ce ba ta cikin lissafi. Babban ya ce in ana nomawa tana ciki. Muka gangara. Waken da ke wurin ya yi kyau bana, ba yabon kai ba, har ɗayansu ya tsuguna yana taɓa ganyen.

Ya buɗe sabuwar takarda ya ce, "Sunan gona, in akwai?" Na buɗe baki zan ce babu, sai na ji Mai Kankana ya ce, "Gonar Ƙi-Zauna." Na juya na harare shi. Na ce, "Kai, ba na son wasan banza a gaban baƙi." Ya ce, "Wane wasa, Yaya? Tambayi kowa." Akwai wasu mata biyu suna wanki a rafi, ya ɗaga murya ya ce musu gonar wa ce wannan. Ko ɗagowa ba su yi ba, suka ce ta Ƙi-Zauna ce. Ya ce, "Shekara goma muna kiranta haka. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, don ba mai ƙarfin halin faɗa a gabanki."

Ma'aikacin yana riƙe da biro yana jirana. Ya ce, "Mama, a rubuta?" Na dubi kututturen da na tuge na tara a gefe, sun bushe sun yi fari. Sunan da na tsana shekara arba'in ashe shi suka ajiye mini, irin ajiyar da aka yi wa Mai Gatari, kuma ina raye. Na ce a rubuta. Na ce masa ƙ ɗin mai ƙugiya ce, ya gyara.

Jiya aka liƙa sabon jeri. Na sa tufafin fita na je da rana tsaka, lokacin da mutane suka fi yawa. Layi na ɗari da goma sha huɗu ba ja ko ɗigo, ga sunana, ga Gonar Mai Gatari a gefensa. Layi na ɗari da goma sha biyar sunana ne kuma, da ɗayar. Ma'aikacin taga ya gane ni, ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, Mama." Na amsa masa da kyau, ban tuna masa komai ba. Na dangwala yatsa sau biyu, na danna sosai don ya fito. Kuɗin sun ce wata mai zuwa, zan gyara bakin rafi da shi kada ruwa ya ci mini ƙasa.

Na yi alfahari da kai, ɗana, kuma na faɗa a gaban mutane. In an yi girbi direba zai kawo maka buhun wake daga gonar bakin rafi. Wannan ba ambulan ba ne, kada ka kuskura ka mayar. In kun samu hutu ka kawo yaran su ga duwatsun. Akuyar da ta kore ka ta daɗe da mutuwa, jikokinta kuma zan ɗaure su.

Gwaggonka,
Ƙi-Zauna